Riƙon Dandalin Kokawa na Gida a Sakkwato: Daga Zuba Yashi Zuwa Rabon Gado

Asalin kokawa a ƙasar Sakkwato wasan kaka ce. In an yanke gero, an ɗaure damma an kai rumbu, samarin wannan gari su aika wa na wancan gari da goron gayyata, a haɗu a dandali da farin wata, babu shinge babu tikiti. Wannan tana nan har gobe a ƙauyuka. Wadda za mu yi bayani ita ce ta kuɗin ƙofa, inda gida ɗaya zai kewaye fili, ya gayyato 'yan kokawa da makaɗa, ya sa lada, jama'a su biya su shiga. Irin wannan dandali mutum ɗaya kan kafa shi, ƙannensa da 'ya'yansa su kama masa, kuma sau da yawa ranar da aka watse daga zaman makokinsa ita ce ranar da dandalin ke fara rushewa. Abin da kan jawo haka bai wuce uku ba: ladan da aka yi alkawari ba a cika ba, kuɗin ƙofa da suka cakuɗe da na cefane, sai rabon gado da ya iske ba a shirya masa ba.

Ko a ƙasashen da kokawa ta zama babbar sana'a labarin ke nan, duk da cewa tasu ta talabijin tsararriya ce, an san wanda zai yi kaye tun kafin a shiga fili. A Meziko wani mutum mai suna Salvador Lutteroth ya kafa kamfanin kokawa a 1933, har yau yana hannun zuriyarsa, kuma babban abin da ya riƙe su shi ne zauren wasan mallakarsu ne, wato Arena México da suka buɗe a 1956. A Amurka kuwa gidan Crockett na jihar Karolina ta Arewa sun haura shekara 50 suna shirya kokawa a yankinsu. Da 'ya'ya suka karɓa sai suka buɗe hannu fiye da ƙarfin aljihunsu, bashi ya yi musu katutu, suka sayar da kamfanin ga attajirin talabijin Ted Turner a 1988. Saboda haka maganar fili ita ce ta farko.

Fili da da'ira

In filin na gida ne, a tabbata akwai takardarsa, kuma kowa a gidan ya san sunan wa ke kanta. In haya ce, a rubuta yarjejeniya ta aƙalla shekara 3 a gaban shaidu, domin mai fili in ya ga wuri na cika, baɗi ko ya ninka kuɗi ko ya sallame ku ya ɗora ɗansa. A nisanci masallaci, asibiti da makarantar allo, don ƙarar ganga da lasifika ita ce ƙorafin farko da kan isa gaban hukuma. Fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 40 zai ɗauki da'ira da rumfar manyan baƙi da mutum kamar 800 ba tare da matsi ba.

Zana ta fi araha wajen kewaye, amma iskar hunturu na kwantar da ita, yara na ɓula ta, kuma guntun taba ɗaya ya isa ya tashi gobara. Kwano ya fi ƙarko, sai dai a lanƙwashe bakinsa kada ya yanki mutane. Ko wanne aka zaɓa, tsayinsa ya haura mita 2. Ƙofar shiga ta zama ɗaya, matsattsa, ta mutum ɗaya-ɗaya. Ƙofofin fita kuwa biyu, masu faɗi, masu buɗewa waje, kuma kada a kuskura a sa musu kwaɗo ana cikin wasa. A tsayar da mutum a kowace. Tsoron masu satar shiga shi ke sa a kulle ƙofa, ranar da rigima ta tashi kuwa nan ake tattake yara.

Ga yadda ake fitar da da'irar. A kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya mai mita 6, a ja ta a zagaya da tsinke ana zane. An sami da'ira mai faɗin mita 12 ke nan, kusan ƙafa 40. Ta wadatar ga dandalin gida, ba sai an kwaikwayi manyan filayen Nijar ba. A share cikinta tas, a tone tushen kara, a tsince tsakuwa da ƙaya da fasasshiyar kwalba. Sannan a zuba yashin gulbi mai laushi wanda aka tankaɗe da raga. Jar ƙasa da marmara ba su yi, don in suka sha ruwa suka bushe tamkar daɓe suke zama. Kaurin yashin ya kai taƙi ɗaya, wato wajen santimita 20. Lissafinsa ya kama kubik mita 23, in tifar tana ɗaukar 5 sawu biyar ke nan. In aka yi ƙwauron yashi, kafaɗar wanda aka kayar ƙasa mai tauri za ta samu. In aka zuba fiye da kima, ƙafa na nutsewa, idon sawu ya gurɗe, 'yan wasa su gaji tun ba a je ko'ina ba.

Kewayen da'irar ya kai mita 38, zai ci buhu kamar 65 in an jera su a kwance. A cika kowane buhu da yashi kashi uku cikin huɗu, a ɗinke baki da zare, a juya bakin waje. Kada a ɗaure da waya. Daga buhunan a bar tazarar mita 3 kafin igiyar 'yan kallo, domin 'yan kokawa kan turo juna har waje, kuma nan makaɗa da masu agaji ke tsayawa. Awa ɗaya kafin a fara, a yayyafa ruwa kamar kura ɗaya ta 'yan ga-ruwa don ƙura ta kwanta, amma kada a jiƙa har ya yi caɓi. A ajiye yara biyu da manjagara, bayan kowace karawa uku su baje yashin. Tsakiyar da'ira ke fara yin rami saboda nan ake yawan turjiya, wanda ya duba da kyau zai ga ƙasar asali ta fara leƙowa a wurin tun kafin a kai rabin wasa.

In za a kai dare, fitilu 8 masu ƙarfin wat 200 a kan sanduna masu tsayin mita 5 zuwa 6 sun isa, a rarraba su kewaye don kada inuwa ta faɗa gefe ɗaya ta rufe wa alƙali gani. Janareta mai kVA 5 zai ja su har da lasifika. A ajiye shi bayan shinge, a binne wayoyi ko a ɗaga su sama, a cika tanki tun da rana.

Lokaci da izini

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin kokawa a nan: an yi girbi, akwai 'yan kuɗi a hannu, ga sanyi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, sa mutum kokawa da rana a lokacin zalunci ne. Da damina kuwa 'yan wasan da 'yan kallon duk suna gona. A duba watan azumi tun da wuri, don a 'yan shekarun nan ƙarshen hunturu yake faɗowa, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Haka nan a kauce wa ƙarshen Disamba in ana son baƙi daga Nijar, domin a shekarun baya-bayan nan lokacin suke babbar gasar kokawa ta ƙasarsu, wato gasar Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Jihohinsu 8 kowace na kai 'yan kokawa 10, saboda haka duk wani gwani yana can ko yana sansanin shiri, jama'armu na bakin iyaka kuma hankalinsu na kan rediyo da waya. Ranar kasuwa na taimakawa. Mai dandali a wajen Illela, alal misali, ya san Lahadi ce ranar da mutane ke da kuɗi a aljihu kuma motoci na zirga-zirga.

Neman izini daga ƙasa ake fara shi: mai unguwa, hakimi, sannan uban ƙasa. Dattijon gidan ne zai je da kansa, da goro, ba yaro za a aika da takarda ba. Maganar ta fito fili: "Ranka shi daɗe, mun zo neman izini da albarka. Kwana uku za mu yi, daga bayan La'asar zuwa kafin Magariba. Ba caca, ba kayan maye, kuma duk abin da ya faru ni za a nema." Bayan nan a kai wa DPO takarda mai ɗauke da ranaku da lokaci da yawan mutanen da ake tsammani, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. A sanar da ƙaramar hukuma da Hisba, a kuma gai da limamin unguwa. Sakkwato gari ne na malamai, dandalin da ake jin gangarsa ana kiran salla ba zai shekara biyu ba. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare, musamman gabashin jihar, wasan dare bai taso ba, a tashi da sauran rana kowa ya isa gida.

Lissafin lokaci na da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Tsakanin fitowa daga La'asar da kiran Magariba da hunturu bai fi minti 100 na wasa ba. In kowace karawa ta ci minti 5, kirari da shiga da fita suka ci 3, karawa 12 kawai za a samu. Gasar sili-ɗaya-ƙwale ta mutum 16 karawa 15 ce, ta mutum 32 kuwa 31. Wanda ya tara mutum 32 ya ce zai gama a yini ɗaya, ƙarshenta babbar karawar da jama'a suka biya dominta ita za ta faɗa cikin duhu. A raba kwana uku, kuma kullum a sa babbar karawa ta fara aƙalla minti 25 kafin kiran salla.

'Yan kokawa da ladansu

Ba a gayyatar ɗan kokawa ta bayan ubangidansa. A bi ta sarkin kokawar garinsu ko wanda ke riƙe da shi, in ba haka ba ranar wasa za a ji an hana shi zuwa. Kuɗi iri uku ne, kuma a rarrabe su tun wajen magana: kuɗin mota, kuɗin shiga fili wanda kowa zai samu ko ya yi kaye ko an kayar da shi, sai ladan gasa na wanda ya zo na ɗaya da na biyu da na uku. A tura rabin kuɗin mota kafin su taso, sauran in sun iso. Masauki da abinci na kan mai gayyata, kuma kada a sauke abokan hamayya a gida ɗaya. In baƙin daga Ƙonni ko Doso ko Maraɗi suke, a yanke tun farko da naira za a biya ko da sefa, kuma canjin wace rana za a bi. Rigima mai yawa daga nan take tashi. A tabbata suna da katin shaida, a kuma binciki halin da iyaka ke ciki a makon, don tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023 tsallakawa ba kullum take da sauƙi ba.

Ƙa'ida ɗaya ce ba ta da sassauci: ladan da ba ya hannu ba a shelanta shi. In an ce babur, babur ɗin ya kwana a fili tun ranar farko, jama'a su gan shi da takardunsa. In kuɗi ne, a damƙa su ga wani dattijo amintacce wanda ba ɗan gidan ba. Dogara da kuɗin ƙofa, ko da alkawarin ɗan siyasar da ya ce zai zo ya ba da gudummawa, shi ya kunyata gidaje da dama. 'Yan kokawa kuma ba su mantuwa. Labarin gidan da ya cinye lada kan riga mai gidan isa kowace kasuwa.

Wajen haɗi, a auna kowa da sikeli da safen ranar. Gasar kokawar gargajiya ta ECOWAS, wadda aka yi karo na 13 a Abuja a 2025, tana raba 'yan wasa aji biyar: kilo 66, 76, 86, 100 da 120. Dandalin gida zai iya taƙaitawa zuwa uku, ƙanana da matsakaita da manya. A rubuta sunaye a jefa cikin ƙwarya, yaro ƙarami ya zaro a gaban kowa. Kada a haɗa 'yan gida ɗaya a zagayen farko, don ko dai su ƙi kama juna ko ƙaramin ya kwanta wa babban. Kada kuma a jefa sabon shiga hannun gogagge don a burge jama'a da kaye mai sauri. Nan ake karya wuya.

Doka da alƙali

Garuruwa sun bambanta a kan abin da ake kira kaye. Wani wuri in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an gama, wani wurin sai baya ko gefe ko mazaunai sun sauka. Ba wadda ta fi wata, laifin shi ne a bar abin a duhu. A zaɓi ɗaya, a tara iyayen gidan 'yan wasa su amince, sanƙira ya faɗe ta a lasifika kafin karawar farko kowace rana. Haka maganar canjaras: in lokaci ya cika ba kaye, ƙarin minti nawa za a yi, in an sake cikawa kuma me zai raba. A faɗi hukuncin wanda ke gudun kamu yana ja da baya, gargaɗi nawa kafin a ba abokin karawarsa.

Kafin kowa ya shiga, alƙali ya duba farce, ya shafa kafaɗa da cinya ya ji ko an sha mai. Wanda ya shafa mai a goge shi da yashi da tsumma. Layu da guraye da kambuna al'adar 'yan kokawa ce, kowa da abin da ya yarda da shi, amma duk mai ƙarfe ko ƙaho ko wani abu mai tsini a cire shi a bakin da'ira. A hana watsa gari ko ruwan magani a fuskar abokin karawa ko cikin yashi. A sa wa shirin shiga iyaka, minti 2 ya isa, in ba haka ba mutum ɗaya zai cinye rabin yamma yana tsugunne-tsugunne. Duka, cizo, tsokane ido, murɗe yatsa da shaƙe wuya duk fitarwa ce nan take.

Alƙalai uku ake so, ɗaya a ciki da usur, biyu a gefuna daban-daban. Kada ko ɗaya ya zama ɗan gidan masu dandali, ko mutumin garin ɗaya daga cikin masu karawar. Yanzu kowa na ɗauka da waya, saboda haka a ajiye mutum ɗaya na dandali yana ɗaukar bidiyo daga wuri mai tudu, a kuma shelanta cewa nasa kaɗai alƙalai za su duba in an yi gardama. Wanda aka kama ya sayar da kaye, a dakatar da shi da wanda ya saya, a faɗa a lasifika. Jama'a na biya ne don sun yarda abin da suke gani gaskiya ne. Caca a gefen fili ita ke haifar da wannan ciniki, shi ya sa hana ta ya wuce maganar faranta wa malamai.

Makaɗa kuwa a yi ciniki da su a fili: nawa ne na dandali, kuma kari da liƙin da suka samu nasu ne. Matsala kan taso in makaɗi ya zuga ɗan wasa ɗaya da takensa ya yi wa ɗayan zambo, musamman zambon da ya taɓa iyaye ko garin mutum. A ja kunnen shugabansu tun a gida. Masu liƙi su jira sai alƙali ya ɗaga hannun wanda ya ci, sannan a ba su minti 2.

Ƙofa

A buga tikiti mai lamba a jere, mai gindi da ke zama cikin littafin, kowace rana da kalarta. Mai sayarwa daban, mai yagewa a bakin ƙofa daban, kuma a gidan da ke da ɗakuna kada su zama 'yan ɗaki ɗaya. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga su kansu. A yage tikitin gida biyu a gaban mai shi, don tikitin da aka karɓa lafiyayye yakan koma waje a sake sayar da shi. In an tashi, a zauna mutum uku a ƙirga: lambar farko, lambar ƙarshe, kuɗin hannu, kuɗin da suka shiga ta POS, kowa ya sa hannu. Asusun POS ɗin ya zama na dandali, ba na wani ɗa ba.

Babbar ɓarakar kuɗi ita ce masu shiga kyauta: surukai, abokan Baba, yaran wane. A buga katin gayyata ƙidayayye, kamar 30, a ba dattijon gida ya raba. In suka ƙare sun ƙare. Yaron da ke ƙofa ba zai iya hana kawunsa shiga ba, amma zai iya cewa, "Kawu, yi haƙuri, katin na wurin Baba."

Wajen kasafi a ɗauki misali: tikiti naira 500, ana sa ran mutum 600, wato naira 300,000 a yini. A gina kashe-kashe a kan mutum 400 kawai, naira 200,000. In lissafin bai fita a haka ba, a rage yawan baƙin nesa ko a rage kwanaki. Kuɗin rumfunan masu tsire da fura da ruwan sanyi ƙari ne, a rubuta su daban.

Rauni

A tanadi ma'aikacin lafiya ɗaya da akwatin agaji, da mota mai mai a tanki wadda aka juya kanta waje, direba na kusa. A san tun farko inda za a nufa: a cikin gari akwai Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙashi a Wamakko. Gocewar kafaɗa, karayar ƙashin wuya na gaba da targaɗe su ne na yau da kullum. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya sauka a kan kai ko wuya. In ya ce wuyansa na ciwo, ko hannu da ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi zaune, kada a ja masa wuya, kada a girgiza shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya a kan allo ko ƙyaure, a tafi asibiti. Ɗaukar cak da magoya baya kan yi cikin ruɗu na iya mayar da mutum gurgu har abada. Wanda ya suma ko ya ruɗe bayan faɗuwa ya gama wasa a wannan gasa, ko ya rantse ya warke. A ajiye ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda aka ga alamar ya sha ƙwaya kada a bar shi ya shiga, don ba ya jin ciwo, ba ya kuma jin usur. A rubuta tun farko cewa kuɗin jinyar farko na kan dandali.

Gida da gado

Tsarin gandu ya riga ya koya mana yadda ake wannan: akwai gonar gida, akwai gayauna, ba a zuba hatsinsu rumbu ɗaya. Duk ɗan gidan da ya yi aiki a dandali a yanka masa ladan aikinsa kamar bare, a biya shi a ranar. Filin kuma a yanka masa kuɗin haya ko da na gida ne. Abin da ya rage bayan an fitar da komai shi ne riba: kashi ɗaya cikin uku ya zauna a asusun dandali don yashi da gyaran shinge da ladan gasa ta gaba, sauran a raba. Maigida ya daina zura hannu cikin jakar ƙofa don cefane, ko da shi ya kafa wurin.

Amfanin yanka wa fili haya yana bayyana ranar da mai shi ya rasu. A shari'a filin na magada ne duka, maza da mata da matan aure, har da waɗanda ba su taɓa leƙa dandalin ba. In aka yanka shi gunduwa-gunduwa, ba sauran wurin da'ira. Mafita ita ce alƙali ko malami ya fitar da rabon kowa, magada su amince a bar filin a haɗe, kuɗin hayar a riƙa raba shi bisa wannan rabo. Masu aiki na cin ladan aikinsu, 'yan'uwa mata na karɓar haƙƙinsu a kan lokaci da rasit, rabon marayu na hannun waliyyinsu a rubuce. Wanda ya ce shi a ba shi nasa, a sa mutum uku masana farashin fili su yi ƙima, sauran su saye rabonsa. Cinye haƙƙin mata da sunan ana raya sana'ar Baba haramun ne, kuma shi ke kai fili kotu a rufe shi shekara da shekaru.

Sunan dandalin ma dukiya ne. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da sunan mutum ɗaya tana rataye da shi, kamfani mai hannun jari kuwa yana ci gaba ko mai shi ya rasu. Shafukan Facebook da TikTok da YouTube a buɗe su da layin waya na dandali, mutum biyu su san lambar sirri. Magaji kuma tun maigida na da rai ake nuna shi, a bar shi ya shirya gasa ɗaya ko biyu shi kaɗai, a kai shi ya gai da uban ƙasa da sarakunan kokawa. Ba dole ya zama babban ɗa ba, wanda 'yan kokawa suka yarda da maganarsa shi ne.

Littafin dandali

A sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Kowace ranar wasa a rubuta kwanan wata na boko da na Musulunci, wa ya kara da wa, garinsu, wa ya yi kaye da irin kayen, taɗiya ce ko sunkuta aka yi, alƙalai, makaɗa, yawan tikiti, da ladan da aka bayar da sa hannun wanda ya karɓa. Shi ne shaida in an yi musu, shi ne kuma tarihin gidan.

Abin da ya gabata kafin littafi yana bakin tsofaffi, a hanzarta. A zauna da su ɗaya bayan ɗaya da waya ana naɗa, tsofaffin 'yan kokawa da makaɗa da matan gidan da suka yi wa baƙi tuwo, domin su suka fi riƙe wa ya sauka a gidan da shekarar da ya zo. Tambayar "wace shekara" ba ta cika samun amsa ba. A tambaya da abin da kowa ya sani: "Baba, lokacin an koma tuƙin hannun dama?" wato 1972. An canza fam zuwa naira, 1973? Kafin rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne a 1988 ko bayanta? An cire Kebbi a 1991, an cire Zamfara a 1996? Da haka ake kama shekara. In mutum biyu suka saɓa a kan wanda ya yi kaye, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Makaɗi a roƙe shi ya kaɗa taken kowane tsohon gwani ya faɗi mai shi, don take kan riƙe sunan da mutane suka manta.

Tsofaffin hotuna a ɗauke su da waya a wuri mai haske ba tare da walƙiya ba, a rubuta sunayen mutanen ciki a bayansu da fensir, biro na huda takarda ya ɓata fuska. Asalin hotunan da littafin a sa su cikin akwatin ƙarfe a ɗora kan benci saboda gara da ruwan damina. Muryoyin da aka naɗa a kwafe su wuri biyu, ɗaya a wani gida daban, a kuma kai kwafi ɗaya Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke cikin garin Sakkwato, tare da takardar da ke nuna sunan dandalin da wanda za a nema a gidan.